Jitar kawuna ta tsaya mini a wuya, ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a. Ina Birnin Kebbi, kuma na ɗan jima ina saye da sayar da tsofaffin jitoci masu lantarki, amma wannan ta gagare ni.

Fender Stratocaster ce da marigayi kawuna ya bari. Lambarta tana kan jitar, ta fara da S8, wato wajen 1978, kuma ƙusoshi uku ne ke riƙe wuyanta, kamar sauran na lokacin. Na buɗe cikinta, maɓallan ƙara da rage sauti suna ɗauke da 137, alamar kamfanin CTS. Har nan lafiya lau.

Matsalar, Kawu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai taɓe-taɓe. Ya sa kafinta ya rarake katakon da kurfi, ya cire maganaɗisun sauti (abin da ke ɗauko sautin tsirkiyoyi) na kusa da gada, wato inda tsirkiyoyin ke ɗaure a jikin jitar, ya dasa wani mai tagwayen naɗin waya. Ya kuma shafe ta da fentin mota ja. Maganaɗisun na asalin yana nan, na tsince shi cikin gwangwanin madara, wayarsa guda a tsinke. Hunturun bana kuma ya busar da wuyan, ƙananan ƙarafan da ke jere a kansa suna yankar yatsa.

Wani makaɗi daga Yamai ya taya, ya zabge kusan rabin kuɗin da na sa, wai an lalata ta. Wani kuwa cewa ya yi kar in taɓa komai.

To, in cike ramin in mayar da na asalin, ko in sayar yadda take in haɗa masa da gwangwanin? Kuma kankare jan fentin zai ƙara mata daraja ne ko zai rage? Wanda ya taɓa sayar da irinta don Allah ya taimaka.