Bashi ya cinye mini rabin shago, ku yaya kuka yi da naku?

Mai shagon tireda, Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekara 3 ke nan da na buɗe shago a bakin layinmu a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maraɗi, da jika 400 (jika guda sefa dubu ce) da na samu bayan na saida babur ɗina. Shinkafa, taliya, sukari, mai, magi, sabulu, irin abin da gida ba ya kwana babu shi. Ciniki ana yi, Alhamdu lillahi, tun asuba har bayan isha'i ba na zama. Amma kantar shagon sai ramewa take. Daren jiya na rufe ƙofa, na ɗauko littafin da nake rubuta bashi, na haɗa lissafi har sau biyu: jika 173 ke waje, a hannun mutum 41. Cikinsu 16 dangi ne, sauran maƙwabta da abokan tasowa. Wanda nake sarin kaya wurinsa a babbar kasuwa kuwa kuɗi hannu yake karɓa. A da buhu 5 na shinkafa nake ɗaukowa, wannan satin 2 na iya.

Idan na hana, a ce na samu duniya na manta mutane. Idan na ci gaba da bayarwa, kafin babbar salla na rufe. Don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya faɗa mini yadda ya yi.

Mai saida atamfa, unguwar Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa ka yi lissafin nan da wuri, ni sai da na durƙushe na yi shi. Daga Kantin Kwari ta Kano nake ɗauko kaya, kuma anko ne ya kusa kashe ni. Uwar biki za ta zo ta ce a fidda turmi 30, mata su zo ɗaya bayan ɗaya suna ɗauka, kowa ta ce sai bayan biki. Biki ya watse, atamfa ta sha wanki, wa zai ji daɗin biyan kuɗin abin da ya tsufa a jikinsa? A biki ɗaya na bar jika 120.

Yanzu ƙa'idata ɗaya ce. Turmi ba ya fita ɗakina sai an ajiye rabi. Mai so ta zaɓa, in rubuta sunanta a takarda in maƙala a jikin turmin, in ajiye mata. Ta kawo dala ɗari (sefa 500) yau, jika guda jibi, har rabi ya cika. Na lura da wani abu: wadda ta iya haƙurin tara rabin, kusan kullum tana cika sauran. Wadda ta yi fushi a ranar farko, dama ba ta da niyyar biya.

Mai awon hatsi, Tibiri:

Hajiya ta yi gaskiya, sai dai atamfa ana iya jiranta, tuwon dare ba ya jira. Mai tireda da mai hatsi ba za su ce sai an kawo rabi ba, don mutum yana tsaye gabanka tukunya na kan wuta a gida.

Ni tsakiyar damina ce wahalata, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba. Abin da na koya shi ne in raba tun daga baki. Kowace shekara ina keɓe buhu 2 gefe guda, na san ba za su dawo ba. Tsohuwa ta zo, ko gidan da na san maigidan yana kwance, daga nan nake aunawa, kuma ina faɗa a fili cewa wannan kyauta ce, kada a riƙe ta a zuci. Idan buhunan nan sun ƙare, sun ƙare. Sauran hatsin kuwa jari ne, ko ɗan'uwana na ciki ɗaya ya ɗauka sai na rubuta.

Abu na biyu, ku riƙa fayyace abin da kuka yi. Akwai shekarar da na ba wani tiya 20 ta gero a watan Agusta ban ce komi ba. Da kaka ta yi farashi ya faɗi, sai ya kawo mini tiya 20. Na ce kuɗi nake bi, ya ce hatsi ya ranta. Muka je gaban liman, liman ya ce idan rance ne, abin da aka ranta shi ake maidawa, tiya da tiya. Idan ciniki ne na jinkiri, to sai an yanke kuɗi da ranar biya tun a wurin. Tunda ban yanke ba, hatsina na karɓa. Har yau ban sake aunawa ba tare da na ce "ciniki ne, kaza ne, ranar kaza" ba.

Malamin lakwal, Bagalam:

Ku yi mini izini in yi magana daga ɗaya ɓangaren, don ni cikin masu cin bashin nake. Ɗan kwantiragi ne ni, kuma albashi ba kullum yake zuwa ranar da ake sa rai ba. Ba don masu shago ba, da akwai dararen da ɗiyana za su kwana da yunwa. Ina roƙonka ƙanena kada ka ɗauka duk mutum 41 nan macuta ne.

Shago biyu nake ɗaukar kaya. Na farko duk lokacin da na ɗauka sai ya juyo mini littafi ya ce: Malam, yau ya zama jika 14 da dala 60. Kuma ya sa mini iyaka, jika 20, idan na kai nan sai na rage kafin in ƙara. Na biyu mutumin kirki ne ƙwarai, ba ya taɓa tuna mini, sai ya ce haba Malam, ai ba komi. Ranar da kuɗi suka shigo, wallahi na farko nake fara biya, don na san adadin, yana cikin kaina kullum. Na biyu ni kaina ban san nawa yake bina ba, kuma kunyar tambaya nake ji, sai in riƙa sauya hanya. Ina ganin cikin mutanenka akwai da yawa irina. Ka je ka faɗa musu adadin cikin mutunci, nesa da idon jama'a, za ka ga abin da zai dawo.

Mai kayan gyaran babur, Sabon Gari:

Ni nawa darasin na canji ne, ga duk mai hulɗa da ƙetaren iyaka. Farkon 2023, lokacin da aka yi ƙarancin takardun naira, na ba wani abokin ciniki na Jibiya kaya muka rubuta naira dubu 300. A canjin wancan lokaci wajen jika 240 ke nan. Watan Yuni aka saki naira ta fara gangarawa, ƙarshen Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyaka. Bai gudu ba, mutum ne mai amana, da hanya ta buɗe a 2024 ya kawo kuɗina cif. Amma a lokacin jika guda ta haura naira 2000. Na kai wa ɗan canji, ya ƙirgo mini jika 125. Ba wanda ya cuce ni, rabin kuɗina dai ya tafi. Tun daga nan, da kuɗin da na sari kaya da shi nake rubuta bashi. Na sara da sefa, sefa nake bi, kuma ba na barin ya wuce wata guda.

Mai mai da ƙuli-ƙuli, Madarumfa:

Ɗana, abin da ya cece ni shi ne jarin ba nawa ba ne ni kaɗai. Ina cikin asusun Mata Masu Dubara. Uwata ma ta yi shi, tun da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin a nan ƙasar Maraɗi a 1991. Kowane mako muna haɗuwa mu zuba, a ranta wa mai buƙata, kuma gaban kowa ake karanta wadda ta biya da wadda ba ta biya ba. Idan na ɗauki kuɗi na sayi gujiya, na san ranar da zan tsaya gaban mata. Don haka ko ƙanwar mijina ta ce in ba ta kwalba biyu sai ta samu, ina ce mata kuɗin asusu ne, ranar Laraba za a tambaye ni. Ba ƙarya na yi ba, ita ma ta san haka, ba ta jin haushi.

Kai ma ka shiga adashe mai zubin kullum, ko dala ɗari biyu ce. Mai karɓa ya zo da maraice ya tafi da ita. Kuɗin da ke cikin akwatin shago kowa yana ganin rabonsa a ciki, har kai mai shagon.

Mai cajin waya, kusa da tasha:

Ni allo na rubuta na kafa: ba bashi. Cikin wata biyu mutanen layi suka koma wurin na gaba da ni, har masu biya hannu. Na cire allon. Yanzu mutum 6 kawai nake ba, waɗanda na gwada da kaɗan suka cika.

Dattijo, tsohon ɗan sari a babbar kasuwa:

Yaro, na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma ina tare da wanda ya cire allo. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Garin nan da bashi aka gina kasuwarsa. Tun zamanin gujiya, kamfanonin Turawa kan ba manyan ƴan kasuwa kuɗi kafin kaka, su kuma su raba wa yaransu su shiga ƙauyuka saye. Ni kaina ba da sisina na fara ba. Ubangidana ne ya ɗora mini kaya ya ce in je in dawo ranar Juma'a. Na dawo Juma'a, ya ƙara mini. Shekara 9 muna haka kafin in tsaya da ƙafata. Amma fa bai taɓa ƙara mini ba sai na kawo na baya, ko sau ɗaya.

Kunyar rubuta dangi da kake ji, ajiye ta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta, a sa lokaci, a kafa shaida, kuma kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Ba a cire ɗan'uwa a ciki ba. Kafin ita kaɗan, aya ta 280 ta ce wanda ke cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. To ka zauna da littafin nan ka raba mutanenka. Mai hali da ya yi shiru, a je masa. Wanda babu ta kama, a saurara masa, amma kada a ƙara masa sabo a kan tsoho. Wanda ka san ba zai taɓa iyawa ba, ka yafe da bakinka ka soke sunansa, ka huta shi ma ya huta.

Sannan ka je wurin mai ba ka sari da littafin a hannu. Mu ƴan sari muna lura da yaron da ya san lissafinsa. Ka yi wata 3 kana biya ba fashi, sannan ka nemi ya riƙa ba ka buhu 2 zuwa mako.

Mai shagon tireda, Ali Ɗan Sofo:

Baba, Hajiya, Malam, Inna, da ku duka, Allah ya saka da alheri. Kwana 12 ke nan, ga inda aka kwana. Na bi shawarar Malam, na riƙa zuwa gida gida bayan magariba ina faɗa wa kowa adadinsa shi kaɗai. Mutum 19 sun biya ko sun rage, jika 61 ta dawo. Wata maƙwabciya har kuka ta yi, ta ce ta zaci abin ya ninka haka, shi ya sa ta daina biyowa ta ƙofata. Mutum 5 na yafe musu, jika 11 ke nan. Biyu sun yi fushi, ba sa amsa sallamata. Na sayi sabon littafi, kowa da shafinsa, iyaka jika 5, kuma na fara zubin dala ɗari biyu kullum.

Cikin waɗanda suka rage, wanda ya fi damuna shi ne kawuna, jika 38 shi kaɗai, kuma yana da hali. Sau biyu ina zuwa, in gaishe shi, mu yi hira, in taso ban iya buɗe baki ba. Na faɗa wa mahaifiyata, ta ce in bari ranar Juma'a za ta je da kanta, tunda ƙanenta ne. Jiya kuma ya aiko yaro a ba shi litar mai da sukari. Na ba da, ban rubuta ba tukuna, littafin yana nan buɗe a kan kanta.