Ring Fit Adventure ga wanda bai taɓa motsa jiki ba

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Mutum mai ƙiba da bai saba motsa jiki ba, Ring Fit, wasan motsa jiki na na'urar Nintendo Switch, zai yi masa amfani? Ta ina zai fara?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Zai yi, amma kada ka sayi ƙaramin samfurin nan Switch Lite, ba ya haɗuwa da talabijin kuma ba a cire hannayensa na sarrafa wasa, wato Joy-Con. Joy-Con na dama ana maƙala shi a jikin zoben motsa jiki da ke zuwa da wasan, na hagu a cikin maɗaurin da za ka ɗaure a tsakiyar cinyar hagu. Idan maɗaurin ya yi sako-sako zai zame zuwa gwiwa, sai wasan ya daina ƙirga tsugunonka daidai. Wando mai santsi ke jawo haka.

Amsa ta 2: Ɗan uwa, ƙarfin wasan daga 1 zuwa 30 ne. Fara ƙasa da 10, minti 10 zuwa 15, sau uku a mako da hutun kwana tsakani. Agogon wasan lokacin motsi kawai yake ƙirgawa, don haka minti 10 nasa kan ci kusan ninki biyu a zahiri. Wajen tsuguno, tura ƙugu baya, dugaduganka a ƙasa. Ɗaga dugadugai na iya kawo ciwon gwiwa.

Amsa ta 3: Idan gudun da ake yi a wasan na damun gwiwarka, kunna Silent Mode, tsarin da ba sai ka yi gudu ba, lanƙwasa gwiwa kaɗan ya wadatar. Mai hawan jini kuwa ya fara ganin likita tukuna, kuma kada ya riƙe numfashi lokacin matse zoben.