Gudawar Inna ta dawo bayan gama budesonide, ina neman shawara

Maman Sadiya, Gusau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ce, ta haura sittin, kusan shekara guda tana gudawa ruwa tsululu, ba jini, har cikin dare sai ta tashi. An yi ta ɗura mata Flagyl, an yi jiƙe-jiƙe, yayana ya ce a kai ta wurin mai magani a Kauran Namoda, ƙanwata ta ce sammu ne, har aka yi cacar baki a gida. Daga baya a Sakkwato aka zura mata kyamara, aka ce hanjin lafiya lau a ido, amma ɗan naman da aka ɗebo ya nuna microscopic colitis, wato kumburin babban hanji da ido ba ya gani sai da na'urar duba ƙananan abubuwa. Ta sha budesonide, maganin kwantar da kumburin hanji, wata biyu, ta samu sauƙi, yanzu abin ya dawo. Wani ya ce ruwan madaciya ne. Ta rame ƙwarai, ya zan yi?

Malam Sani mai kemis: Wa alaikumus salam Hajiya. Wanda ya ce madaciya bai yi ƙarya ba. Ruwan madaciya yana narkar da maiƙo, sannan ƙarshen ƙaramin hanji ya tsotse kusan kashi 95 cikin 100 ya mayar wa hanta. In bai tsotse ba, ya gangara babban hanji, sai ya jawo ruwa, gudawa ta ɓalle. Masu wannan ciwo da yawa suna da wannan matsalar, kuma budesonide kumburi yake kwantarwa, ba ya kama madaciya. Likitanta ya gwada cholestyramine, garin magani ne mai kama ruwan madaciya a hanji: fakiti ɗaya gram 4, a dama da ruwa sosai, kada a haɗiya garin a bushe. A fara sau ɗaya a rana, in da buƙata a ƙara. In madaciyar ce, kafin mako biyu za ku ga canji. An taɓa cire mata madaciya?

Anti Luba nas: Malam Sani kun yi sauri. Dawowar ciwon bayan an daina budesonide abu ne sananne. Miligiram 9 ake sha mako 6 zuwa 8, in ya dawo likita kan maimaita, sannan ya bar mutum a kan 6 ko 3, yana lura da ƙarfin ƙashi. 'Yar uwa, waɗanne magunguna take sha kullum?

Maman Sadiya: Diclofenac saboda gwiwa, da omeprazole don kada ya ci mata ciki, sai na hawan jini.

Anti Luba nas: To ga zaren. Diclofenac da ibuprofen da omeprazole duk suna cikin magungunan da ake dangantawa da wannan ciwo. Ku kwashi kwalayen duka ku kai wa likita, ya duba ko paracetamol ko na shafawa zai wadatar.

Maman Sadiya: Anti ai ta fi shekara biyar tana shansu ba abin da ya same ta. In ba diclofenac ko sujada ba ta iya yi. Ba zan hana ta ba gaskiya.

Baban Khalifa, Talata Mafara: Ni abin da ke ci min rai, a rubuta maka magani ka kewaye gari ba ka samu ba, sai an aika Kano ko Abuja, kuɗin kuma ba a magana. Su kuma masu kemis ɗin unguwa kowace gudawa Flagyl.

Malam Sani mai kemis: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba Alhaji. Hajiya, ki riƙe wannan: cholestyramine yana kama sauran magunguna a cikin hanji. Na hawan jininta ta sha awa ɗaya kafin shi, ko awa 4 zuwa 6 bayansa, in ba haka ba sai jinin ya hau ku rasa dalili. Yana kawo kumburin ciki da taurin bayan gida, in an daɗe a kansa kuma bitamin A, D, E da K na iya raguwa. A rage man shanu, ƙuli-ƙuli da soye-soye, don maiƙo ne ke kiran madaciya. Ruwan gishiri da sukari kada ya yanke. Kuma har yanzu ba ki ce ko an cire mata madaciya ba.

Anti Luba nas: Kada dai a haɗa komai rana ɗaya, ba za a gane wanda ya yi aiki ba. A fara da cire diclofenac.

Malam Sani mai kemis: Tsohuwa tana ramewa Anti, ba lokacin jira ba ne.

Maman Sadiya: An taɓa yi mata aiki a ciki tun ina ƙarama, ban san na mene ne ba, zan tambayi yaya. Sakkwaton ma sai wata mai zuwa, hanya ba daɗi. Ko maganin tsayar da gudawa, loperamide ɗin da maƙwabciya ta kawo, zai riƙe ta kafin nan?