Neman shawara: mugun labari ya cika min zuciya, ina zan ga na alheri?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ba kasafai nake fito da damuwata fili ba, amma yau abin ya kai ni maƙura.

Wata biyar ke nan da aka sallame mu daga aiki, mu da yawa, ba don wani laifi ba. Kafin nan da wata uku mahaifina ya rasu. Ba kuɗi na zo roƙo ba, ina nan ina buga-buga, ana dai rufa asiri. Halin da zuciyata ta shiga ne ya kawo ni. Da na buɗe ido da asuba hannuna na kan waya: yaƙi can, ambaliya can, an kashe wane, an sace wane. In gama wannan in faɗa wancan. Da dare ma haka, har ƙarfe biyu ko uku. Na san abin ba ya ƙara ni da komai, amma da na ajiye wayar sai in ji kamar wani abu zai faru a bayan idona.

Shekaranjiya 'yata mai shekara shida ta yi famfarar farko. Ta zo da ɗan haƙorin a tafin hannu, ta tsaya a gabana tana washe baki don in ga giɓin. Na ce "to, madalla" ban ko ɗago kai ba. Da dare mahaifiyarta take gaya min tun safe yarinyar ta ɓoye haƙorin, ta hana kowa gani, wai sai Baba ya dawo. Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Abin da nake karantawa a lokacin ma ko kusa ban iya tuna shi ba.

Don Allah ku ba ni shawara. Ba na son in rufe ido in ce komai lafiya alhali ba lafiya ba. Amma yaya mutum zai riƙa ganin alheri a lokacin da duk inda ya juya baƙin labari ne? Akwai ma labarin alherin, ko dai lallashin kai ne kawai?

Wata dattijuwa ta amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya buɗa maka wata ƙofar. Kafin komai, haƙorin nan yana nan? In yana nan, gobe da safe ka kira ta ka ce ta nuna maka. Ka durƙusa daidai tsawonta, ka leƙa giɓin da kyau, ka tambaye ta ko ya yi zafi. Yaro ba ya riƙo. Kai ne za ka yi ta cin kanka, ita kam jira kawai take ka duba.

Maigidana ya yi shekara biyu yana jinya kafin Allah Ya karɓi abinsa. Duk ranar da ya iya tashi zaune da kansa, sai in kira ƙanwata in gaya mata. Ita ma ta san ba warkewa ba ce, ni ma na sani. Amma na lura in ban faɗa wa wani ba, kafin dare na manta an yi haka, sai tarin da ya kwana yana yi nake tunawa. Ka samu mutum ɗaya da za ka riƙa kai wa ƙananan labaranka masu daɗi. Ga matarka nan kusa da kai.

Wani tsohon ɗan jarida:

Ɗan uwa, na yi shekaru a ɗakin labarai, bari in gaya maka yadda aikin yake. Mu abin da ya faru farat ɗaya muke bi. Gada ta karye, za mu tura wakili da mai ɗaukar hoto. Gadar da ta shekara talatin mutane na wucewa a kanta lafiya, babu editan da zai tura kowa. Mugun abu yana zuwa da rana da sa'a da hoto, shi kuwa gyara a hankali yake tafiya, ba ya da ranar da za a ce yau ya faru. Ba ƙarya ake maka ba, amma ɓari ɗaya ake nuna maka. Manhajojin waya kuma sun ƙara dagula lissafin, don suna lura da abin da ya tsayar da yatsanka, su ƙaro maka irinsa. Tsoro da fushi su suka fi tsayar da yatsa.

Bayan harin bam da aka kai wurin gudun yada-ƙanin-wani a birnin Boston na Amurka a 2013, masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya sun tambayi mutane fiye da 4,000. Sun gano cewa waɗanda suka riƙa bin labarin awa shida ko fiye a kullum a makon da ya biyo baya sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda abin ya shafa kai tsaye. Wanda ke wurin sau ɗaya ya gani. Mai waya kuwa ya gani sau ɗari.

Ban ce ka daina sauraron labarai ba, mai neman aiki ma dole ya san abin da duniya ke ciki. Ka sa musu lokaci, sau biyu a rana, kuma kada ya zama da farkawarka ko dab da kwanciya. Ni na koma rediyo, don labaran rediyo suna da ƙarshe, mai karantawa zai yi sallama ya tafi. Waya rijiya ce gaba dubu. Ka nemi ɗan agogo mai ƙararrawa, wayar ta kwana a wani ɗakin.

Wani ma'aikacin lafiya:

Yaya, ka tambaya ko akwai labarin alherin da gaske. Akwai, kuma ba ƙanana ba ne.

Ka san cutar kurkunu? Mutum ya sha ruwan da ke da ƙwayar, bayan kamar shekara guda tsutsa ta huda fata ta fara fitowa, galibi a ƙafa, tsawonta kan kai mita ɗaya. Sai a riƙa naɗe ta a ɗan tsinke kaɗan-kaɗan, makonni mutum na kwance. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. A 1986, lokacin da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta sa hannu a yaƙi da ita, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa duk shekara a ƙasashe 21. A 2023 mutum 14 aka samu a duk duniya. Da me aka yi wannan aikin? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi masu tsafta, da 'yan sa-kai da ke bi gida-gida suna roƙon mai ciwon kada ya tsoma ƙafa a inda jama'a ke ɗiban ruwan sha.

Agana, wadda ta makantar da mutane ta kashe miliyoyi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewarta a 1980. Shan inna a 1988 tana naƙasa yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125, yau asalin ƙwayar cutar a Pakistan da Afganistan kawai ta rage. A 1990 yara fiye da miliyan 12 suka mutu kafin su cika shekara biyar, a 2022 adadin ya sauko miliyan 4.9, duk da cewa mutanen duniya sun ƙaru sosai. Zazzaɓin cizon sauro da aka shekara aru-aru ba shi da allurar rigakafi, an amince da ta farko a 2021, ta biyu a 2023.

Ni waɗannan nake tunawa ranar da aiki ya yi min nauyi.

Wani ɗan uwa:

Ku yi haƙuri, ni dai ban gamsu ba. Mutum ya ce ba shi da aiki, ya rasa uba, ana lissafa masa cututtukan da aka kawar. Wannan lissafin zai biya masa haya? Kuma yara miliyan 4.9 ɗin nan da ake faɗa kamar nasara, kowannensu da uwar da ta yi kuka. Na tsani a riƙa ce wa mai ciwo "ka gode, wani ya fi ka shiga uku". Na shekara biyu ba aiki, na san yadda maganar nan take suka. Baƙin cikinka a kan hanya yake, ɗan uwa, kada kowa ya sa ka ji kunyarsa.

Ma'aikacin lafiyar ya dawo:

Gaskiyarka Malam, kuma ban ce ya gode don wani ya fi shi wahala ba. Na sha tsayawa a kan gadon yaron da bai tashi ba, na san miliyan 4.9 abin kuka ne. Abin da ya sa na kawo maganar shi ne, wanda ya sakankance cewa komai lalacewa kawai yake yi, hannunsa mutuwa yake. Zai ce ina amfanin in sake tura takardar neman aiki? Waɗanda suka yi ta yawo da ƙyallen tace ruwa a 1986 suna kallon miliyan uku da rabi a gabansu, ba su da tabbacin za su ga ƙarshensa.

Ɗan uwan ya amsa:

To, in haka ne na ji. Amma dai a bar shi ya yi kukan mahaifinsa. Kuma Yaya, abin da ya fitar da ni ba karatu ba ne, fita ce. Maƙwabcina tsoho ne da idonsa ya yi rauni, na riƙa raka shi asibiti duk ranar da likita zai gan shi. Ranar nan ce kaɗai a mako nake jin ina da amfani a duniya. Ka nemi wanda zai buƙace ka a wata rana takamaimai.

Wata malamar makaranta:

Ga wani abu da nake yi shekara uku ke nan. Kafin in kwanta nakan rubuta abu uku da suka tafi daidai a ranar, kowanne in ƙara da dalilin da ya sa ya tafi daidai. Ba ni na ƙirƙiro ba. Martin Seligman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, da abokan aikinsa sun gwada shi a binciken da suka fitar a 2005: mako ɗaya aka ce mutane su yi, aka bi su har wata shida, aka ga damuwarsu ta ragu, musamman waɗanda suka ci gaba da yi don kansu.

Inda mutane ke kuskure shi ne su rubuta "lafiya, iyali, rai" kullum. Kwana huɗu ka gaji, don hannu ne ke rubutawa, zuciya ba ta wurin. Sai ka ƙanƙanta abin. Jiya na rubuta cewa wani ɗalibina mai in'ina ya karanta layi biyu a gaban aji bai tsaya ba, dalili kuwa na bar shi ya fara karanta min shi kaɗai lokacin tara. Ka ga wajen rubuta dalilin ne nake gano akwai hannuna a ciki, ko hannun wani da ya kamata in yi wa godiya. Bayan 'yan makonni za ka tsinci kanka da rana tsaka kana cewa, wannan zai shiga littafi yau.

Akwai daren da abu ɗaya kawai nake samu. Ina rubuta ɗayan in rufe.

Wata 'yar uwa:

Duk shawarwarin nan suna da kyau, amma Yaya ka duba kanka da gaskiya. In ka kai mako biyu ko fiye kusan kullum zuciya a cunkushe, abin da kake jin daɗinsa a da ya fita ranka, barci ya lalace, cin abinci ya canza, to yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Rashin uba da rashin aiki a shekara ɗaya ba ƙaramin kaya ba ne. Ka ga likita ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa mana. In kuwa tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, kada ka kwana da shi, ka gaya wa na kusa da kai yau, ku tafi asibiti tare. Na bi ta hanyar nan, jinkirin da na yi shi ne abin da na fi nadama.

Mai tambaya ya dawo bayan kwana tara:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Mama, na yi yadda kika ce. Ashe a kwalin ashana 'yar tawa ta ajiye haƙorin, ta shimfiɗa masa auduga. Ta ba ni labarin yadda ya fita har sau uku, kowanne da ɗan ƙari.

Aiki dai shiru har yanzu. Wayar tana kwana a falo, amma dare biyu na tashi na ɗauko ta, ba zan ɓoye ba. Littafin Malama na rubuta kwana shida cikin tara, matata ma ta karɓi biro ta fara nata a shafin baya. 'Yar uwa, maganarki ta tsaya min a rai, barcin bai daidaita ba, jibi zan ga likita. Malam, kai ma na gode da ka ce in yi kuka. Na yi.

Ɗan uwa ma'aikacin lafiya, akwai abin da ban faɗa ba. Mahaifina yana da wani tabo a idon sahunsa na hagu. Muna yara ya ce mana kurkunu ce, wai ta kwantar da shi kusan wata biyu yana saurayi. Na manta da tabon nan sam sai da na karanta amsarka. Da na ga 14 ɗin nan sai da na sake ƙirga sifili, na ɗauka ka manta da su ne. Na so a ce yana raye in karanta masa.

Ina ba matata labarin, 'yar tamu na gefe tana wasa da kwalin ashanarta, sai ta ɗago ta ce, "Baba, mece ce kurkunu?" Na yi ta kwatance ba ta gane ba. Sai da na ɗauko littafin, na zana mata ƙafar kakanta da ɗan tsinken a ƙasan abin da na rubuta ranar.