Wa ke tsaron itacen da aka bari a gona?

Ɗaliba daga Kamaru:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Daga Garwa na zo karatu Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina nazarin yadda mutanen karkara ke kula da itatuwan gonakinsu. Na karanta cewa sassaben zamani, wato renon itatuwan da ke tohowa da kansu a gona, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara yaɗawa a nan Maraɗi a 1983, ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ina roƙon waɗanda suka yi aikin da hannunsu su faɗa mini abin da suka gani.

Manomi daga yankin Aguié:
Wa alaikumus salam 'yata. Sassaben ba shi da wuya: idan kututturen kalgo ko sabara ya yi toho, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Tsaron ne ke da wuya. A zamanin mahaifina ana ɗaukar itace na gwamnati ne, don mutum yana iya shan tara a kan wanda ya sara cikin gonarsa, saboda haka ba wanda ke wahalar renonsa. Ni kaina an sha sare mini gawo da dare, har sai da garinmu ya kafa kwamitin tsaro irin na ƙauyen Ɗan Saga da ke nan yankinmu, aka yi doka a gaban maigari, aka yanka tarar da kowa ya amince da ita.

Uwargida daga Madarunfa:
Mu mata muka fi jin sauƙin, domin a da nesa muke zuwa neman itacen girki, yanzu rassan da aka sassabe sun ishe mu. Amma ki rubuta cewa inda ba a sa mata a kwamiti ba, mu ake fara zargi idan itace ya ɓace.

Makiyayi daga Dakoro:
Ƙanwata, kada ki manta da mu. 'Ya'yan gawo ne abincin dabbobinmu da rani, kuma takinsu a gonar yake zama. Inda aka kira mu zaman kafa doka kuma aka bar burtali a buɗe, ban ga rigima ba. Inda aka yanke ba da mu ba, na ga an kai juna gaban hakimi.

Ɗaliba:
Na gode ƙwarai. Baba, shin za a yarda baƙuwa ta halarci zaman kwamitinku?

Manomi:
Za a yarda, amma ki fara zuwa gaida maigari, kuma ki zo bayan girbin gero.