Shawarar mutum bakwai na nema, har shagon ya wuce ni

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 34, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Bara na kwashi adashi da niyyar kama shagon kayan waya, aka kuwa samar min ɗaya a Farm Centre. Na tambayi yayana, ya ce kama. Hankalina bai kwanta ba, na tambayi surukina, da limamin unguwarmu, da abokai huɗu. Shida suka ce bismilla, ɗaya ya ce "ka dai bi a hankali". Maganar wannan ɗayan na riƙe, na yi mako uku ina juya ta. Ranar da na je da kuɗin, har an yi wa shagon fenti, wani ya zuba kaya.

Haka nake a komai. In na kulle gida, sai na dawo daga bakin titi na ja kwaɗon. In uwargida ba ta ɗaga waya sau biyu ba, kafin ta kira ni na riga na hango gadon asibiti. Ƙanwata ta sa na yi wani gwajin hali a intanet mai suna Enneagram, wai ni lamba 6 ne, masu neman madogara. To sanin lambar bai rage min komai ba. Don Allah wanda ya taɓa fita daga wannan hali, yaya ya yi?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kamar labarina kake bayarwa. Abin da na daɗe ban gane ba, tambayar ce take ciyar da fargabar. Duk wanda ya ce maka "ba komai", za ka ji sanyi na awa ɗaya, sai zuciya ta ce to in bai sani ba fa? Kamar susar ƙaiƙayi. Kai ba shawara ka je nema wurin na bakwai ba, wanda zai ɗauke maka laifi ka je nema in abin ya lalace.

Ni yanzu mutum biyu nake tambaya, waɗanda suka san harkar, sannan na tsayar da rana: Juma'a zan yanke, ko e ko a'a. Ina kuma da ƙaramin littafi. Duk tunanin da ya zo min ina tsakar girki, sai na rubuta shi na ce sai bayan La'asar. Minti 20 nake ba shi. Da na waiwayi shafukan watan farko kunya ta kama ni, don yawancin masifun da na rubuta ko hanyar gidana ba su biyo ba. Kwaɗo kuwa, ka ja shi sau ɗaya, ka furta "na kulle", ka tafi. Kwanakin farko kamar cikinka zai tsinke, amma yana lafawa.

Malam Sabo:
Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Ɗaurewa aka ce, ba a ce ka kwana kana duba igiya ba. Ka yi istihara, ka yi shawara, ka shiga.

Nas Binta:
Gyara kaɗan. Enneagram ba gwajin likita ba ne, Oscar Ichazo ɗan Bolibiya da Claudio Naranjo ɗan Chile ne suka yaɗa shi wajen shekarun 1970. Kada ka mai da lambar uzuri. Amma in damuwar tana zuwa kusan kullum har wata shida, tana hana ka barci, ko gabanka na faɗuwa ba dalili, ka ga likita, ga asibitin Dawanau nan kusa da kai. Akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre, CBT, wanda ake koya maka tuhumar tunaninka kafin ka gaskata shi. Ka kuma rage kofi da goro da daddare.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maman Hanifa, littafin nan mai layi ya fi ko marar layi? Kuma minti 20 ɗin ba su yi kaɗan ba?

Maman Hanifa:
Ka gani ko? Har ka fara. Ba zan amsa ba, je ka sayi wanda hannunka ya fara taɓawa.