Shawara nake nema: in je Meziko kallon hut da 'ya'yansu ko in jira Afrilu?

Maman Walid, Jidda
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake so daga wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa. Yarinyar wajena da ke aure a San Diyego ta Amurka ana sa ran haihuwarta farkon Janairu in Allah ya yarda, haihuwar fari ce, ni zan je zaman jego tare da autana Walid ɗan shekara 5. To mijinta ya ce in an yi arba'in zai ɗauke mu a mota mu tsallaka Meziko, wai akwai wasu tafkuna a bakin teku inda manyan kifayen wel ɗin nan masu ruwan toka, hut dai, suke zuwa haihuwa, ana shiga ƙaramin jirgin ruwa uwar ta zo da ɗanta har gefen mutum. Walid tunda ya ji ya hana ni sakat. Damuwata ita ce arba'in ɗin zai faɗo bakin azumi, ga ciwon gwiwa ba na jure zaman mota, kuma huruj wa auda ɗina, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, ƙarshen Maris zai ƙare. Ita yarinyar ta ce in bari sai Afrilu, iyayen da 'ya'yan suna wucewa ta gaɓar garinsu in za su koma, amma kenan sai an ƙara min kwanaki. Wanne ya fi? Kuma nawa ake kashewa tsakani da Allah, ba na so in ɗora wa ɗan mutane nauyi ga hidimar suna.

Ɗan Karantina
Hajiya meye na wahalar da kai har Meziko, ga Al-Lith nan kudu da Jidda, watan Afrilu za ki ga ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigo ya fi mota tsawo, ki tafi da safe ki dawo ki yi isha a gida.

Abu Ammar, Yanbu
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raba lafiya. Ɗan Karantina wancan na Al-Lith jinsin shak ne, kifi ne sosai, ba ya shayarwa. Wanda Hajiya take magana dabba ce mai shaƙar iska kamar mu, tana haihuwa ta ba da nono, kuma ba ta zama a Bahar Maliya. Da bazara suna can arewa tsakanin Alaska da Rasha, tekun Bering da Cukci, suna kiwo a ƙasan ruwa, su kwanta ta gefe su zuƙi laka su tace ƙananan halittun da ke ciki. In ƙanƙara ta fara rufe ruwan sai su gangaro kudu, zuwa da dawowa ya kai kilomita 16,000 ko fiye. Masu ciki su ne a gaba. Cikin wata 13 ne kusan, ana haihuwa Janairu zuwa Fabrairu a tafkunan Baha Kalifoniya, Oho de Liyebre da ke kusa da garin Gerero Negro, da San Ignasiyo, da Magdalena. Jaririn yana faɗowa da tsawon mita 4 da rabi zuwa 5. Abin da yake ba ni mamaki har yau shi ne uwar kusan ba ta cin komai duk tsawon watannin nan, kitsen jikinta take narkawa ta mayar nono, nonon ma fiye da rabinsa mai ne. Maza da waɗanda ba su haihu ba su suke fara komawa, masu jego sai Maris zuwa Afrilu in ɗan ya yi ƙwari. Don haka 'yarki ta yi gaskiya, Afrilu da Mayu suna bin gaɓar Kalifoniya dab da tudu.

Takari Ba Gardama
Ni tambayata ɗaya ce, awa goma a mota ɗaya da suruki?? Hajiya ina za a kai kunya 😂 gara hut ɗin ya zo ya same ku a gida ya yi barka

Ummu Rayyan, Riyad
Yaya ni na je, watan Fabrairu, San Ignasiyo. Wlh in kina da hali kar ki bari. Jirgin ƙarami ne mai inji a baya suna ce masa panga, ba a bin su, matuƙin ya rage wuta ne kawai ku tsaya, in uwar ta ga dama ita za ta zo. Tamu ta shiga ƙarƙashin ɗanta ta ɗago shi da bayanta har ya kawo kai bakin jirgin, na taɓa shi, fatarsa sumul baƙa-baƙa tana da taushi, ita kuwa uwar duk jikinta farin dabbare-dabbare ne da ƙananan ƙwanso da suka manne mata, ga wasu ƙwari ja-ja suna yawo a tsakani. Da ta fesar da numfashi ruwan ya jiƙa min hijabi, akwai ƙarni kam. Matuƙin ya ce da can masu farauta shaiɗanin kifi suke ce musu, don in aka soki ɗan uwar farfasa jirgi take yi, sai a 1972 wata ta zo da kanta wajen wani masunci a tafkin nan ya taɓa ta. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba. Mu dala 60 kowa muka biya na fita ɗaya, yara ƙasa da haka.

Alhaji Na Misfala, Makka
Dala 60? Baiwar Allah ki ji tsoron Allah kar ki jefa Hajiya cikin abin da na shiga. Ni wani ɗan kamasho ne ya haɗa min tafiyar, Bahaushe ɗan uwanmu, tare muke sallah, ya ce ya san masu sansani a can, na tura masa riyal 13,000 na ni da iyali da yara biyu. Ya sa mana ƙarshen Afrilu don lokacin na samu hutu, na tambaye shi har sau nawa ya ce kifin yana nan duk shekara. Muka ɗauki motar haya, a boda aka ce inshorar Amurka ba ta aiki a Meziko sai mun sayi wata, muka saya. Daga Tihuwana zuwa Gerero Negro wajen kilomita 700 ne, hanya siririya mota ɗaya zuwa ɗaya dawowa, manyan tireloli suna wuce ka motar tana rawa, ga shingayen sojoji a sauke kaya a duba, uwargida da ƙaramin ciki tana ta amai. Mun isa da dare. Da safe muka je bakin ruwa, ba kowa, jirage duk an ja su tudu an kife, sai tulin gishiri fari fat iya ganinka. Wani tsoho ya nuna mana arewa da hannu, wai sun tafi. Sansanin da aka ce an biya mana ba su taɓa jin sunana ba. Ƙaramin yarona ya zauna a ƙasa yana kuka yana cewa Baba ka ce akwai. Wallahi wannan kalmar ta fi min kuɗin ciwo. Da muka dawo San Diyego na ce bari in share musu hawaye, na biya dala 120 kowa muka shiga jirgi, igiyar ruwa ta juya mana ciki awa uku, abin da muka gani wani feshi ne can nesa, kafin in ɗago yaron ya ɓace. Mutumin har yau in ya hango ni a Shara Mansur sai ya sauya hanya. Na bar shi da Allah.

Maman Walid, Jidda
Innalillahi, Alhaji Allah ya mayar da alheri. Ni dai babu ɗan kamasho a tawa, mijin yarinyar ne zai tuƙa da kansa. Gwiwar ce da yaron ɗan shekara 5 nake tambaya, ana barin kamarsa ya shiga?

Bintu Sabil
Alhaji ka faɗi sunansa mana mutane su kiyaye, irin su ne suka cinye wa yayata kuɗin biza

Alhaji Na Misfala, Makka
Ba zan faɗa ba, yana da 'ya'ya. Amma ya san ina nan, kuma yana karantawa.

Ɗan Karantina
120 an cuce ka Alhaji, abokina ya shiga da 55

Abu Ammar, Yanbu
Alhaji abin da ya same ka zalunci ne, amma matsalar wata ne ba wurin ba. Ƙarshen Afrilu tafki ya riga ya watse. Sai dai akwai abin da ya kamata Hajiya ta sani, dabbobin sun ragu sosai. A 2016 an ƙiyasta su wajen 27,000, daga 2019 aka fara tsintar gawarwakinsu a gaɓa daga Meziko har Alaska da yawansu a rame, ƙiyasin 2025 ya sauko kusan 13,000, kuma jarirai sun yi ƙaranci ƙwarai. Masana sun fi danganta abin da sauyin ƙanƙara a arewa da ya taɓa abincinsu, uwar da ba ta ƙoshi ba ba za ta riƙe ciki ba. Don haka ko a Fabrairu kar a yi wa yaro alƙawarin zai taɓa.

Alhaji Na Misfala, Makka
Malam da girmanka, ka taɓa zuwa? Ta ce wanda ya je da ƙafarsa. Ni na je.

Abu Ammar, Yanbu
Ban je Meziko ba Alhaji, fannina ne dai nake koyarwa.

Ummu Rayyan, Riyad
Alhaji kai ma ai ba ka gan su ba, ka je gidan biki bayan an watse ne. Ni da na gani kuma ka ce in ji tsoron Allah, me zan samu in na yi mata ƙarya? Dala 60 kuɗin jirgi ne kawai, masauki da mai da abinci daban, masu zuwa da ƙaramin jirgin sama su kwana a tanti su ne suke biyan dubbai. Yaya maganar gwiwa, gaskiya shiga panga akwai wuya, wani wurin sai an taka ruwa an ɗaga ƙafa, kuma hanyar tafkin daga gari ba duka ce mai kyau ba. Yara na gani da rigar ruwa an ɗaure musu, amma ki sa surukin ya tambaya tukuna.

Baba Kyaftin, Bur Sudan
'Ya'yana ku yi haƙuri da juna. Ni na yi aikin jirgin ruwa har na tsufa, ban je wannan wurin ba amma na san teku, ba ta yi wa kowa alƙawari. 'Yata in za ki shiga ki sha maganin jiri tun kafin ki taka jirgi, ki zauna tsakiya, ki riƙa kallon nesa. Kuma kar ki shiga da azumi a baki ciki ba komai, matafiyi yana da sauƙi, ki tambayi malaminki.

Takari Ba Gardama
Baba to in ya halatta a ci, guda ɗaya ai ya ishi buɗa-bakin Harami gaba ɗaya

Abu Ammar, Yanbu
In Afrilu ta zaɓa ba sai ta shiga ruwa ba ma, akwai tudun Poyint Loma a San Diyego ana tsayawa da madubin hangen nesa, sai dai sa'a ce. Iyayen suna rakuɓewa gaɓa ne saboda oka, masu baƙi da fari ɗin nan, su ne suke farautar jariran musamman wajen Montare inda ruwa yake da zurfi. Uwar takan sa jikinta tsakani, ko ta ɗora ɗan a kanta don kar su danne shi ya kasa numfashi, wani lokaci awanni ana yi. Ba ta rabuwa da shi sai ya kai wata 7 ko 8, sun isa arewa ya koyi kiwo.

Maman Ikram, Madina
Ni tun ɗazu nake karantawa ban yi niyyar magana ba, amma wannan ta Malam ta taɓa ni. Dabba ta yi wata da watanni ba ci don kar ta bar ɗanta, ni kuma uku cikin nawa huɗu suna Kano wajen kakarsu, ƙaramar na yaye ta da wata 14 na sa ta a jirgi. Ba don ba na son su ba, kuɗin murafiƙin ne, wanda baƙo yake biya wa iyalinsa da ke zaune da shi a Saudiyya. Da aka fara a 2017 riyal 100 ne kowane kai a wata muka ce za mu iya, ya koma 200, 300, tun 2020 yana 400. Ni da yara huɗu, mu biyar, 2,000 kenan duk wata kafin haya kafin makaranta, albashin babansu nawa ne gaba ɗaya. Yanzu in na kira bidiyo yarinyar ɓuya take bayan zanin kakarta, Anti take ce min. Hajiya ki je ki zauna da 'yarki iya kwanakin da Allah ya ba ki, kifin ko kin gani ko ba ki gani ba.

Bintu Sabil
Allah sarki Maman Ikram, wlh kamar da bakina. Mu masu shagala, aikatau a gidajen mutane, ma ba a maganar kawo yaro gaba ɗaya, nawa yana aji shida rabona da shi yana rarrafe, ɗan mutane nake goyo kullum

Maman Walid, Jidda
Allah ya haɗa ku da 'ya'yanku cikin alheri, kun sa ni hawaye. To in na tsaya har Afrilu, ƙarin kwanakin nawa ne, kuma na Walid daban ake biya?

Ɗan Karantina
Riyal 100 ne duk wata, maigida ya shiga manhajar gwamnati ta Absher ya ƙara

Ummu Rayyan, Riyad
A'a in kina waje ninki ne, 200, ni na biya. Kuma ki duba ikamarki, takardar izinin zama, da ta yaron kar su ƙare kina can, sai an biya na murafiƙin har zuwa ranar dawowa.

Alhaji Na Misfala, Makka
Shi ya sa na ce riyal 13,000 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne, na yara biyu ne na shekara guda har da canji.

Maman Ikram, Madina
Wai da gaske ne ana cewa za a sake duba kuɗin nan? Kullum sai a turo a WhatsApp, in ka bincika ba komai. Wanda ya sabunta ikama a watan nan dan Allah ya faɗa mana nawa aka cire masa, don babansu yana so ya dawo da babbar ko ita kaɗai ce kafin ta shiga sakandare.